"Je ka kwanta ka huta": maganin da ba a cika tambayar hujjarsa ba

Shekara uku ke nan da na sunkuya zan ɗauki wani kwali, kwalin ma ba wani nauyin kirki gare shi ba, tsofaffin takardu ne a ciki, sai kawai na ji kamar an soka min ƙusa a ƙugu. Nan na tsaya a rankwafe, na kasa miƙewa na kasa zama, sai da ƙanina ya zo ya tallabe ni yana ta "sannu Yaya, sannu Yaya" kamar wanda ya faɗo daga bene. Washegari aka kai ni asibiti, aka yi hoto, likitan ya ɗaga hoton sama ya duba, ya girgiza kai, ya ce "Malam bayanka fa ya fara lalacewa, faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ya turo, ka je ka kwanta, kar ka sunkuya, kar ka ɗauki komai." Duka ganin bai kai minti biyar ba. Magungunan da ya rubuta min na shanye su cikin sati biyu na manta da sunansu, amma kalmar nan ta "lalacewa" sai da na yi kusan shekara ina yawo da ita a cikin kaina.

Na kwanta kuwa. Sati uku cur ina kallon silin. Ranar da na tashi sai na tarar ciwon yana nan, ga ƙari kuma, ƙafafu sun yi sanyi, in na hau matakala goma sai haki, kuma na koyi wata irin tafiya a sanƙare kamar wanda ya haɗiye tabarya. Biro ya faɗi ƙasa sai in nemi mai ɗauko min. Ni da ban kai arba'in ba.

To abin da ya sa nake wannan rubutun ke nan. Ra'ayina shi ne, a cikin duk abin da ake ba wanda ya ji rauni, "kwanta ka huta" ita ce ta fi arha a baki, ita ce kuma aka fi bayarwa ba tare da an auna ba. Kwaya ko allura sai an faɗa maka nawa za ka sha, sau nawa, kwana nawa, me za ta iya jawowa. Amma kwanciya? Sai a miƙa maka ita haka nan ba ma'auni, kamar ba ta da illa. Alhali masu bincike sun fi shekara saba'in suna nuna cewa tana da illa, kuma illar ba a tsoka kawai take tsayawa ba, har cikin tunanin mutum take shiga ta yi gida.

Ba yau aka fara wannan ƙorafin ba. Tun 1947 wani likita a Ingila mai suna Richard Asher ya yi rubutu a mujallar likitocin Birtaniya yana jero haɗarurrukan gado, jini ya daskare a jijiyar ƙafa, huhu ya tara majina, ƙashi ya zube, fata ta yi gyambo, zuciyar mutum ta mutu. A wancan zamanin wanda ya samu bugun zuciya sai a kwantar da shi wajen sati shida, ko juyi ba a so ya yi da kansa. Sai a 1952 wasu likitoci biyu a Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka yi abin da a lokacin ake gani kamar ganganci, suka riƙa ɗaga irin waɗannan marasa lafiyar suna zaunar da su a kujera. Kujera fa kawai, ba gudu ba. Kuma suka ga masu zaman kujerar ba su lalace ba, sun ma fi samun kansu. Yau wanda aka yi wa aikin zuciya kwana ɗaya ko biyu za ka ga nas ta riƙe shi yana takawa a baranda.

Amma binciken da ya fi tsaya min a rai shi ne na Dalas a Amurka, 1966. An samo samari biyar lafiyayyu 'yan shekara 20, aka ce su kwanta a gado sati uku, daidai kwanakin da ni ma na yi. Ba ciwon komai fa, kwanciya kawai. Da aka tashe su aka auna ƙarfin zuciya da huhunsu wajen aiki da iska, sai aka ga ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Daga nan aka sa su atisaye na sati takwas suka farfaɗo. Abin da ya sa labarin ya zama na musamman shi ne bayan shekara 30 an sake nemo mutanen nan biyar, sun zama 'yan hamsin, sun yi teɓa, aka sake auna su. Sai aka tarar sati ukun nan na gado ya fi yi wa ƙarfin jikinsu ɓarna a kan shekara talatin ɗin da suka yi suna tsufa. Da na karanta wannan sai da na ajiye wayar na yi shiru, don na tuna hakin da nake yi a matakala ina cewa ciwon baya ne ya jawo, ashe gadon ne.

Mutum biyar ba yawa, na sani, wani zai ce ai wannan ba hujja ba ce. To ga na ciwon baya kai tsaye. A 1995 a Helsinki ta ƙasar Finlan an ɗauki ma'aikatan birni 186 da baya ya riƙe musu farat ɗaya irin nawa, aka raba su uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka ce su kwanta kwana biyu, kashi ɗaya aka ba su atisayen baya, na ukun aka ce ku je ku ci gaba da harkarku gwargwadon abin da ciwon ya bar ku. Na ukun nan su suka fi saurin warkewa da komawa aiki, masu kwanciyar su suka zo na ƙarshe. Kwana biyu fa kawai aka ce su kwanta. Ni na yi ashirin da ɗaya, shekaru kusan talatin bayan an buga wannan sakamakon.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Jiki da aiki yake ginuwa. Tun 1892 wani likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana sake fasalinsa ne daidai da nauyin da ake ɗora masa, in an daina ɗora masa sai ya fara zubewa. Shi ya sa 'yan sama jannati da ke zama a tashar sararin samaniya suke asarar wajen kashi ɗaya cikin ɗari na wasu ƙasusuwansu a kowane wata, duk da awannin da suke yi suna motsa jiki kullum. Jijiya da tsoka ma haka, sabon naman da ke tohowa a wurin rauni sai an ɗan ja shi yake sanin ta inda zai jeru. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Ko targaɗe ma labarin ya canza. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ko ya yi kwas ɗin taimakon gaggawa ya san ƙa'idar nan da ake kira RICE, wato hutu, ƙanƙara, ɗaurewa, da ɗaga ƙafar sama. Wani likitan 'yan wasa a Amurka, Gabe Mirkin, shi ya ƙirƙiro ta a 1978, duniya ta ɗauka kamar saukakkiya. A 2014 mutumin nan da kansa ya fito ya ce ya sake tunani, bincike ya nuna ƙanƙara da cikakken hutu za su iya jinkirta warkewa, don kumburin da muke ta yaƙi da shi wani ɓangare ne na gyaran da jiki ke yi. Ni wannan ya burge ni wallahi, ba kowa ne zai yi suna da abu shekara talatin da shida sannan ya ce jama'a na yi kuskure ba. Ba wai an haramta ƙanƙara ba ne, tana rage zugi na ɗan lokaci, amma yanzu shawarar ita ce a kare wurin na kwanaki kaɗan na farko, sannan a fara taka shi a hankali. A 2019 ma wasu masana gashin ƙashi biyu daga Kanada, Blaise Dubois da Jean-François Esculier, sun kawo sabuwar ƙa'ida, kuma cikin abubuwan da suka jera a matsayin magani har da wayar wa mai rauni kai da kuma kyautata zato. Kyautata zato fa, a jerin magani, kusa da bandeji.

Nan ne maganar ta fi yi min zafi, wato maganar hoto da abin da ake faɗa wa mutum a kansa. A 2015 an tattara bincike da dama da aka yi a kan mutanen da ba sa jin ciwon baya ko kaɗan amma aka sa su a na'urar hoto. Cikin 'yan shekara 20, kashi 37 cikin ɗari an ga alamar tsufan faifan baya, kashi 30 kuma faifan ya turo. Cikin 'yan shekara 80 tsufan faifan ya kai kashi 96, turowar kuma 84. Duk waɗannan lafiyarsu ƙalau suke yawo. Wato abin da aka nuna min a hoto aka girgiza kai, akwai yiwuwar yana nan tun kafin in taɓa kwalin nan, kuma yana nan har yanzu da nake zaune lafiya ina wannan rubutun. Furfura ce ta ciki. Ba wanda ke kallon furfura ya ce kanka ya lalace.

Ban ce likitan ya yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa, kuma na san layin da ke jiransa a waje. Amma da ya ƙara jimla ɗaya tak, ya ce irin wannan hoton ana ganinsa a jikin masu lafiya da yawa kuma galibin irin wannan ciwon yana lafawa cikin 'yan makonni, da shekarata ɗaya ba ta tafi a banza ba. Jimlar ba ta cin ko sakan goma.

Wani zai ce to kana nufin ciwon a kanka yake ke nan, ƙirƙira ka yi? A'a. Kuma wannan fassarar ita ce ta fi ɓata wa masu fama da ciwo rai, da gaskiyarsu. Duk wani ciwo na duniya, har na karaya, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa shi, ba a fata ko ƙashi yake zaune ba. Jijiyoyi saƙon haɗari suke aikawa, ita kuma ta haɗa da abin da ido ya gani, da abin da kunne ya ji, da abin da ya taɓa faruwa, sannan ta yanke yawan raɗaɗin da za ta sakar maka. Wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, su suka buɗe wannan babin a 1965 da suka nuna cewa a cikin laka akwai wani abu kamar ƙofa, saƙon na iya wucewa da yawa ko kaɗan, kuma daga sama ƙwaƙwalwa tana da hannu a buɗewa da rufewar. Shi ya sa in ka buge gwiwa kake murza wurin ba tare da an koya maka ba.

Akwai wani labari da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 1995 wanda duk mai koyar da wannan fannin sai ya ba da shi. Wani magini ɗan shekara 29 ya diro a kan ƙusa mai tsawon santimita 15, ta huda takalminsa ta ɓullo ta sama. Aka kawo shi asibiti yana ihu, ko taɓa ƙusar ba a iya yi sai da aka yi masa allurai masu ƙarfi. Da aka zare ta aka cire takalmin, ashe tsakanin yatsunsa ta bi, ko ƙwarzane babu. Shin ƙarya yake? Ina, wallahi ciwo ya ji na gaske, idonsa ya ga ƙusa ta shiga ta fita, ƙwaƙwalwarsa ta yi abin da ya dace da abin da ta gani. Kishiyar wannan kuma wani likitan Amurka Henry Beecher ya gani a yaƙin duniya na biyu a Anziyo ta Italiya, sojoji da munanan raunuka ana tambayarsu ko suna son allurar kashe zafi, kusan uku cikin huɗu suka ce a'a. Shi a fahimtarsa, ga sojan nan raunin na nufin ya tsira daga bakin daga da ransa.

To in ƙusar da ba ta taɓa nama ba za ta iya sa ƙato ihu, me kake tsammani kalmar "lalacewa" daga bakin mai farar riga za ta yi?

Masana sun ba abin suna tun 1990, tsoron motsi, har da takardar tambayoyi 17 da aka tsara a Tampa ta Amurka don auna shi. A 2000 Johan Vlaeyen da Steven Linton suka zana yadda tarkon yake aiki, kuma da na ga zanen sai na ga kamar ni aka bi da biro. Ka ji ciwo, ka fassara shi da cewa wani abu na karyewa a ciki, ka daina motsin da ke tayar da shi, jiki ya yi rauni ya sanƙare, ranar da ka gwada motsin sai ya fi da zafi, sai ka ce ka gani ko, dama na faɗa. Haka za ka yi ta zagaye kana ƙara ƙuntata wa kanka, yau ka bar sunkuyo, gobe ka bar tafiya mai nisa, jibi ka bar zuwa cikin mutane don kar a bangaje ka, daga nan bacci ya lalace, damuwa ta shigo, ita kuma damuwar ta ƙara wa ciwon wuta. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya zabura, to nan tsumman a jikinka yake, ba inda za ka gudar masa.

Kuma ba mu ragwaye kaɗai abin ke kamawa ba. 'Yan wasan da aka yi wa tiyatar jijiyar nan ta cikin gwiwa da ke yawan tsinkewa a ƙwallo, wani nazari da Clare Ardern da abokan aikinta suka fitar a 2014 ya nuna kashi 81 cikin ɗari suna komawa wani nau'in wasa, amma 65 ne ke komawa matakin da suke a da, 55 kacal ke komawa gasa. Da yawansu in an gwada gwiwar lafiya lau take. In an tambaye su me ya hana, amsar da ke yawan fitowa ita ce tsoron kar ta sake tsinkewa. Likitan tiyata ya gama nasa, ɗinki ya yi kyau, hoto ya yi kyau, amma yaron ya tsaya a bakin fili. A lissafin asibiti an yi nasara.

Maganar tiyata ma, akwai abin da aka yi a Hustan ta Amurka a 2002 da har yanzu in na tuna sai in yi dariya in kuma ji wani iri. Bruce Moseley, likitan ƙashi, ya ɗauki mutum 180 masu ciwon gwiwa na zaizayewar gaɓa. Wasu aka yi musu aikin nan na zura kyamara a wanke ko a kankare cikin gwiwa, wasu kuma aka sa su bacci aka ɗan tsaga fatar aka ɗinke, ba a yi komai a ciki ba, kuma duk sun amince tun farko cewa za su iya faɗawa kowane rukuni. Aka bi su shekara biyu. Babu bambanci. Masu tiyatar wasan sun samu sauƙi daidai da masu ta gasken. Wannan ba ya nufin tiyata duk shirme ce, yana nufin wannan aikin ga wannan ciwon ba shi ne ke kawo sauƙin ba, kuma imanin mutum cewa an gyara shi ba ƙaramin abu ba ne.

Har ƙarfin tsoka ma tunani na da rabo a ciki. A 2014 Brian Clark a jami'ar Ohayo ya sa wa mutane lafiyayyu filasta a wuyan hannu na sati huɗu. Rabi aka bar su haka, rabi aka ce su riƙa zama suna raya wa a ransu cewa suna lanƙwasa hannun da iya ƙarfinsu, ba tare da sun motsa shi ba. Da aka cire filastar, na farkon sun rasa kashi 45 cikin ɗari na ƙarfin hannun, masu rayawar kashi 24. Ba sihiri a ciki, hanyar da saƙo ke bi daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka ce ba a bari ciyawa ta rufe ta ba.

Yanzu bari in taka wa kaina burki, don na san halinmu a intanet, wani zai karanta rabi ya je ya cire wa kansa filasta ya ce an ce motsi magani ne. Karaya karaya ce, sai an ɗora an bar ta ta kama. Wanda ya yi hatsari ana zargin wuya ko gadon baya, ba a ɗaga shi sakaka. Ciwon baya da ya zo da riƙewar fitsari ko zubarsa ba a sani ba, ko mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, ko ƙafa tana ƙara shanyewa, ko zazzaɓi, ko ramar da ba dalili, wannan na gaggawa ne, asibiti za a nufa a ranar. Kuma shi kansa binciken da nake ta kafa hujja da shi ya taɓa kwaɗa wa masu ɗokin motsi mari. An yi wani babban gwaji mai suna AVERT da aka fitar a 2015, mutum 2,104 masu shanyewar ɓarin jiki a ƙasashe biyar, ƙarƙashin Julie Bernhardt ta Ostireliya. Kowa na tsammanin in an tashe su da wuri sosai, cikin awa 24, aka kuma yawaita, za su fi warkewa. Sai sakamako ya fito akasin haka, bayan wata uku kashi 46 ne suka samu kyakkyawan sauƙi a cikin waɗanda aka gaggauta, 50 a cikin waɗanda aka bi da su yadda aka saba. Masu binciken ba su ɓoye ba, suka buga shi haka.

Wannan ne ma ya sa na yarda da su. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Shekaru da dama ana yi wa waɗanda suka bugu a kai allurar sitiroyid don a rage kumburin ƙwaƙwalwa, abu ne da hankali ya ɗauka, har sai da gwajin CRASH na mutum sama da 10,000 ya nuna a 2004 cewa waɗanda aka yi wa sun fi mutuwa, kashi 21 a kan 18 cikin sati biyu. Su dai waɗannan masu binciken suka sake gwada wani tsohon magani mai hana zubar jini, tiranekzamik asid, a kan mutum sama da 20,000 a ƙasashe 40, a 2010 aka ga yana ceton rai, daga baya aka gano sai an ba da shi cikin awa uku. Ɗaya hankali ya ce eh gwaji ya ce a'a, ɗayan yana ajiye a kanta shekara da shekaru ba a kula shi ba. To me zai sa kwanciya ita kaɗai ta tsallake wannan sikelin? Inda aka ɗora ta, sau da yawa ba ta yi nauyi ba. Ko buguwar kai ta 'yan wasa, da ana kulle yaro a ɗaki mai duhu har sai komai ya wuce, amma a 2019 wani likita John Leddy a Bafalo ta Amurka ya nuna matasan da aka sa su ɗan motsa jiki daidai inda ba zai tayar da alamun ba sun warke a kwana 13, waɗanda aka bar su da miƙe jiki kawai kwana 17. Maganar dai ta ma'auni ce, yaushe, nawa, ga wa.

Kuma mai auna wannan ma'aunin shi ne wanda aka fi rainawa a harkar lafiya, wato likitan gashin ƙashi. A ko'ina kuɗi da girma suna wajen ɗakin tiyata da manyan na'urori, sashen fiziyo, wato na gashin ƙashi, kuwa sai ka same shi a can ƙarshen gini, kamar wani ƙari ne da ake yi in an samu sarari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce raunuka na kashe mutum wajen miliyan 4.4 a shekara, waɗanda suka tsira da nakasa sun ninka haka nesa ba kusa ba. Ta ce mutum biliyan 2.4 ne ke da larurar da gyaran jiki irin wannan zai amfane su, ciwon baya kaɗai ya kama miliyan 619 a 2020. Amma sai a 2023 babban taron hukumar ya fara zartar da ƙuduri na musamman a kan wannan fannin. A ganina an ceci rai an sallami mutum alhali yana tsoron jikinsa, rabin aiki aka yi, kuma ya kamata a daina rubuta shi a matsayin cikakke.

Wanda ya fahimci wannan tun da wuri shi ne Ludwig Guttmann, likitan da ya gudo daga Jamus a 1939. A 1944 aka ba shi sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville a Ingila, lokacin da ake ɗaukar irin waɗannan sojojin a matsayin waɗanda ake jira su mutu, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara suna ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ya sa a riƙa juya su duk bayan awa biyu dare da rana, ya tashe su zaune, ya ba su sana'a, ya kuma ba su wasa. Ranar 29 ga Yuli 1948, ranar da ake buɗe gasar Olamfik a Landan, ya shirya gasar harbin baka ta mutum 16 a kan keken guragu a harabar asibitin. Abin da ya girma ya zama gasar nakasassu ta duniya da aka fara a Rum a 1960. Harbin bakan yana ƙarfafa kafaɗa da baya, gaskiya ne, amma ni na fi ganin abin da yake yi wa mutumin da aka gama yanke masa ƙauna sai ga shi yana jin haushi don kibiyarsa ta kauce.

Ni dai tawa ta zo da sauƙi. Bayan wata goma sha ɗaya ƙanina ya matsa min na je wajen wata likitar gashi, dattijuwa ce mai gilashi a ƙasan hanci. Na miƙa mata hoton nan da nake yawo da shi a leda kamar takardar gado, ta duba sama sama ta ajiye a gefe. Ta gwada ƙarfin ƙafafuna, ta buga gwiwa da 'yar gudumar nan, ta yi min tambayoyin fitsari da bacci da sauransu, sannan ta ɗauki makullinta ta sake shi a ƙasa ta ce "Malam ɗauko min." Na dafa tebur da hannu ɗaya, na riƙe numfashi, na sauka a kan gwiwa ɗaya baya a miƙe ƙyam, na lalubo makullin ba tare da na kalle shi ba. Ta ce "wa ya koya maka wannan?" Na ce Hajiya ai an ce kar in sunkuya. Ta ce "an ce har yaushe?" Na buɗe baki na rasa amsa, don ba a faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba.

Ranar a zaune a kujera ta sa na fara, in zura hannu zuwa gwiwa, in dawo, zuwa ƙwauri, in dawo, ina fitar da numfashi. Gumi ya jiƙa min riga sharkaf, ba don wahala ba. Ta ce zai yi tsami gobe, tsamin ba ɓarna ba ne, in ya wuce kwana biyu yana ƙaruwa in kira ta. Ya yi tsamin kuwa, ya kuma wuce. Sati na shida ta sa na ɗaga ƙarfe mai kilo goma daga ƙasa, sati na goma sha biyu kilo talatin.

Bayan yana motsa min jefi jefi har yanzu, musamman in na kwana biyu ban yi baccin kirki ba ko na daɗe a zaune, sai in rage abin da nake yi na kwana ɗaya ko biyu in ci gaba. Abin da bai gama tafiya ba shi ne hannun. Ko jiya da cajar waya ta faɗi ƙarƙashin kujera, na kama hannuna na hagu yana laluben gefen tebur tun kafin in fara sunkuyawa, sai da na janye shi na sa a aljihu sannan na ɗauko ta.